Wankin Fuska

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe tara da minti sha huɗu na safe

'Yata Auta ce ta kawo mini littafin nan. Wai likita ya ce jinina ya hau, in na ji faɗa yana taso mini in rubuta shi maimakon in yi shi. Likitan da agogon hannunsa jabu ne, yana gudu da minti shida, shi zai gaya mini yadda zan yi da jinina. Na karɓa dai don kada ta yi kuka.

Ban taɓa zama a aji ba. Rubutun nan a kan 'yan takardun da nake ɗaura wa agogon mutane na koye shi, shekara arba'in da ɗaya a rumfa ɗaya, a bakin ƙofar kasuwa. Wanda ya ga kuskure ya haɗiye abinsa.

Yau ba wanda ya ɓata mini rai tukuna. Da sauran lokaci.

Litinin, ƙarfe huɗu da minti biyu na yamma

Mai gyaran waya na rumfar kusa da ni ya miƙo mini waya a ƙarƙashin hanci, ina tsaka da ɗaura wa injin wani agogo sifirin. Ya ce, "Baba, ka ga abin da ɗanka ya yi?"

Na ce masa ba ni da ɗan da yake zaune a cikin waya.

Tauraro suke ce masa. Shekara tara ke nan da ya manna gemun auduga, ya maƙala madubi a ido, ya fito a talabijin yana kwaikwayon muryata, wai shi Tsoho Mai Agogo. Har tarina ya sata. Ƙasa duka ta yi dariya, aka ba shi mota. Uwarsa ta ce ai girmamawa ce. Tun ranar ban sake ce masa ko sannu ba, shi ma bai sake taka rumfata ba.

Ban kalla ba. Kunnena ne dai ba shi da murfi. An tambaye shi ra'ayinsa a kan ɗan takarar nan mai farar hula, wanda hotonsa ya cika kasuwa, sai ya ce: "Wancan ai wankin fuska kawai aka yi masa."

Sifirin ɗin ya kuɓuce mini. Sai da na yi minti ashirin a durƙushe ina nemansa.

Ba ruwana.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe goma da rabi

Kalmata ce. Ni na raɗa ta, a rumfar nan, tun ba a haifi rabin masu ihun nan ba.

In agogo ya mutu a ciki, haƙoransa sun cinye, tsatsa ta kama injin, sai maƙetaci ya goge gilashin, ya sa sabon maɗauri, ya daidaita hannayen, ya ɗan girgiza shi ya motsa, ya sayar wa baƙo. Kafin baƙon ya kai tasha ya tsaya. Wannan shi ne wankin fuska. Ni ban taɓa yi ba, shi ya sa har yau a ƙasa nake zuwa kasuwa.

Bai ishe shi muryata da tarina ba, yanzu har bakina ya shiga ya ɗebo.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya da minti hamsin

Jakai! Kasuwa guda ta jakai.

Wai abin da yake nufi shi ne mai farar hula ba ya cika alwala, fuska kawai yake wankewa ya shiga sahu. Wai ya fitar da mutum daga addini. Mai sayar da tabarau, wanda ya ji kalmar nan a bakina ya fi sau dubu, shi ne kan gaba yana rantsuwa haka ake nufi. Na ce masa, "Kai, shekara nawa kana zaune kusa da ni?" Ya ce, "Baba, ai a waya an yi bayani." A waya. Wayar da aka ƙera bara ta fi shi sanin maƙwabcinsa.

Na ga wasu da ko hanyar masallaci sai an nuna musu, yau su ne masu kishin alwalar wani.

Ba zan gyara musu ba. Wanda ya ɗauki kayan aikin da ba nasa ba ya yanke, ya sha jininsa.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe bakwai da minti biyar na safe

Gwamnati ba ta ci abinci ba jiya. Haka nake kiran uwar yaran, don ita ma ba ta jin maganar talaka.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe biyar saura kwata

Akwai wani ƙaton allon talla a shataletale, inda Tauraro yake riƙe da sabulu yana murmushi, haƙora talatin da biyu a waje. Shekara uku ina bin doguwar hanya don kada in gan shi. Yau ƙafata ce ta bi ta can, ban san dalili ba.

Sun watsa masa baƙin mai. Wani ya rubuta a ƙasa: KAI MA WANKE TAKA. Ma'aikatan kamfanin suna kan tsani suna yage shi, sun fara daga goshi. Mutane na tafi.

Kunnen hagun ne ya rage a jikin allon. Irin kunnen uwarsa ne, mai ɗan lanƙwasa.

Dama hoton bai yi kyau ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin

Abokan sana'arsa sun fara fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar kwaɗi bayan ruwa. Mai gyaran waya ba ya rage sauti, dole in ji. Wata mai waƙa ta ce ita dama tun da can ba su jituwa. Wani mai gashi kamar tsintsiya ya ce ɗan wasa ba ruwansa da siyasa, alhali bara na gan shi a bayan motar kamfe yana rawa da hula a hannu. Ashe siyasar da ba ruwansu da ita ita ce wadda ba a tafa mata.

Dukansu na san fuskokinsu. Auta ta taɓa nuna mini hoton ranar da ya tare a sabon gidansa, su ne a gaba da faranti.

Ni ba kare shi nake ba. Ina dai faɗin abin da na gani.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe uku daidai

Auta ta zo da mijinta. Ta ce, "Baba, Yaya fa ya kwana huɗu bai fita ba. An jefi gilashin motarsa. An cire shi daga wasan da suke ɗauka."

Na ce, "Wane Yayan?"

Ta ce, "Baba, don Allah."

Gwamnati ta ce daga ɗaki, "Ƙyale shi, 'yar nan. Ubanku agogo ya haifa, ba mutane ba."

Na ce agogo dai bai taɓa sa gemun auduga ya yi mini tari a gaban duniya ba. Mijin Auta ya yi dariya, da ya ga ba wanda ya taya shi sai ya mai da ita atishawa.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe sha biyu da minti takwas

Ciyaman na 'yan kasuwa ya zo da kansa, da tumbinsa, da mutum biyu masu riƙe masa waya. Wannan da na san shi yana tallan igiyar takalmi a tire. Ya zauna a kan kujerar da ke gefen teburina ba tare da ya tambaya ba. Ba a zama a kujerar nan. Shekara tara ba a zauna ba. Na ce ya tashi ƙafarta ta karye. Ƙafarta lafiya lau.

Ya ce, "Baba, kai ubanmu ne. Kasuwar nan kaf ta mai farar hula ce, ya yi mana alkawarin sabon rufi. Yaran jam'iyya sun so su zo rumfar nan, ni na tare su."

Na ce, "Allah ya saka. Me kake so?"

Ya ce magana ce ta minti ɗaya. In kalli waya in ce na tsame hannuna daga yaron, ba tarbiyyata ba ce, ban san inda ya samo wannan magana ba. Ya ce, "Ai kowa ya san ba kwa ga maciji. Gaskiya kawai za ka faɗa."

Da zai tafi ya shafa ginshiƙin rumfar, ya ce ƙarshen wata za a sabunta takardun rumfuna, kuma masu neman bakin ƙofa suna da yawa. Ya ce in yi tunani zuwa Litinin mai zuwa.

Agogonsa na zinariya ne. Ba ya tafiya. Na lura tun shigowarsa.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe shida da minti arba'in na safe

Shekara arba'in da ɗaya. Ni na kafa ginshiƙin nan da hannuna.

Mene ne a ciki? Abin da na shekara tara ina faɗa a tsakar gida ne zan faɗa wa waya.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyu da minti sha bakwai

Na gaya wa Gwamnati. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta ci gaba da ninke kaya. Can ta ce, "Malam, ranar da za ka yi, ka gaya mini tun da safe, in kashe rediyo."

Na ce ai ba a rediyo za a sa ba. Ta ce, "To in kashe kunnena."

Mace in ta tsufa sai ta koma alƙali.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi

Ya ba da haƙuri.

Wannan karon na karɓi wayar da hannuna, don in ga iyakar rashin kunya. Yana zaune gaban farin bango, ba hula, yana karanta takardar da wani ya rubuta masa. Wai suɓutar baki ce. Wai wasa ne irin na Tsoho Mai Agogo. Wai shi kansa bai san ma'anar kalmar ba, a bakin mutane ya tsince ta.

A bakin mutane!

Shekara biyar yana zaune a kujerar can yana miƙo mini hantsaki. Bai san ma'anarta ba. Sau ɗaya tak a rayuwarsa ya buɗe baki ya faɗi abin da yake da nauyi, aka ɗaga masa murya, sai ya tofar da shi kamar ƙashin kifi. Matsoraci. Da ya tsaya a kan bakansa da na ce mara kunya ne amma namiji. Yanzu ko wannan babu.

Kuma ba su yafe ba. Mai gyaran waya ya karanto mini abin da ake rubutawa a ƙasa. Masu farar hula na cewa ƙarya yake. Waɗanda suka yabe shi makon jiya na cewa an saye shi. Ya zubar da na hannunsa, na ƙasa kuma kaji sun cinye.

Ban kalli fuskarsa ba. Hannunsa na kalla. Ina manyan agogunan nan masu kama da murfin gwangwani da yake ɗaurawa? Babu. Tsohon nan ne mai baƙin maɗauri, irin wanda ake murɗa wa wani da hannu, wanda na ba shi ranar da ya fara fita neman aiki. Na sa mai waya ya tsayar da hoton ya buɗa shi. Ƙarfe takwas da minti goma yake nunawa a farkon magana. A ƙarshenta ma takwas da goma.

Ko agogo bai iya riƙewa ba.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe tara

Ya rame.

Ba ruwana.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe biyar da minti uku

Yau agogo ɗaya aka kawo, shi ma batir ne. Masu wucewa suna nuna rumfar da baki. Wata mata ta ce wa 'yarta, "Ga uban nasa can." Na ce, "Hajiya, ƙarfe nawa?" Ta duba waya. Ka ji mutanen da za su zaɓi shugaba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe shida da minti hamsin da biyar na yamma



Sun zo ƙarfe sha ɗaya. Ciyaman ya sa sabuwar riga. Ya ce kai tsaye za a watsa, don kada a ce an yanka an haɗa. Ya tabbata da ni ƙwarai. Kasuwa ta taru har kan buhuna. Na shirya maganata tun asuba, kalma goma sha biyu, na ƙirga su.

Ya fara da jawabi. Ya ce ga dattijo mai mutunci, wanda ɗansa ya zo da wata ƙazamar kalma da ba a san ta a gidansu ba, kalmar 'yan tasha, mara asali, mara ma'ana.

Mara ma'ana.

Na ce, "Ciyaman, ara mini agogonka."

Ya yi dariya ya kwance ya ba ni, yana tsammanin wasa ne na tsofaffi. Na sa madubi a ido, na buɗe bayan. Na juya wa wayar. Na ce wa mai riƙe da ita ya matso, kada ya ji kunya. Ciki kore shar da tsatsa, haƙori biyu sun karye, har da gawar wani ɗan ƙwaro.

Na ce, "Jama'a, kun ga waje zinariya. Kun ga ciki. Wannan shi ne wankin fuska. Ba alwala a ciki, ba salla a ciki, wanda ya ce akwai jaki ne, ko da wa ya ɗaure masa gindi. Kalmar ba ta 'yan tasha ba ce, tawa ce, a kan teburin nan aka haife ta. Yaron da ya ce bai san ma'anarta ba ƙarya yake, tsoro ne ya kama shi. Ya sani sarai. A nan ya koya, kuma a inda ya ajiye ta, daidai ya ajiye ta."

Ciyaman ya ce, "Baba, ba haka muka yi ba! Ka ce ka tsame hannunka!"

Na ce, "Hannuna na cikin agogonka, ka bari in gama."

Wani ya ƙyalƙyale daga baya, sai dariya ta kama kamar gobara. Mai tabarau har da riƙe ciki, munafuki. Kafin su gano inda ake kashe wayar an yi minti biyu.

Ban ce ɗana ne ba. A duba, ban faɗa ba. Kalmata na kare.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe bakwai da minti goma na safe

An sa wa rumfar kwaɗo biyu. An manna takarda. Na karanta da kaina, akwai kuskure uku a ciki, kuma mai rubutun ya yi makaranta.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe uku da kwata

Mijin Auta ya samo mota aka kwaso kayan. Teburi, akwatin gilashi, fitila, gwangwanayen sukurori. Ya ce a bar tsohuwar kujerar nan, ba wuri. Na ce a bar shi shi, a ɗauko kujerar.

Ginshiƙin ba ya ciruwa. Na gwada.

Auta ta ce yanzu ni ake zagi a waya, wasu kuma sun buga hotona a riga. Na ce duk su haɗu su sha ruwa. Jiya suna jifan ɗan, yau suna tafa wa uban, gobe su nemi wani. Ko kaza ta fi su riƙe alkibla.

Gwamnati ta ci abinci har ta nemi ƙari. Ta kuma sa mini sukari cokali uku a shayi, alhali likita ya ce ɗaya.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe goma

Na kafa teburin a ƙofar gida. Ba mai wucewa ta lungun nan sai awaki, su kuma ba sa ɗaura agogo.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin da shida

Wani ya zo a ƙasa, da hula har gira da takunkumi a fuska kamar mai mura. Tun daga bakin lungu na san tafiyar, yana jan ƙafar dama kamar kakansa. Na ci gaba da aikina.

Ya yi sallama, na amsa, don amsa sallama dole ce. Ya tsaya. Ya cire takunkumin. Ya ce, "Baba, an ce nan ake gyaran agogo."

Na ce, "An ce."

Ya kwance mai baƙin maɗaurin ya ajiye a kan tebur da hannu biyu. Ya ce, "Sun karɓe maka rumfa saboda ni."

Na ce, "Saboda kai? Kai wane ne? Saboda agogon Ciyaman ne."

Ya ce, "Ka ce mini matsoraci a gaban duniya."

Na ce, "Kai ka yi shekara tara kana yi mini tari a gaban duniya. Ni ke bin ka saura."

Ya yi wani sauti, ban sani ba dariya ce ko mene ne, ban ɗaga kai ba. Ina jin numfashin Gwamnati a bayan ƙyaure, tana tsammanin ba a ganin yatsun ƙafarta.

Na buɗe agogon. Tsaf yake. Ba tsatsa, ba haƙorin da ya ci, sifirin lafiya. Murɗa wani ne kawai aka daina yi masa, sai ɗigon mai. Aikin minti goma. Shi ma ya leƙo ya gani, kuma ya san abin da ya gani, don idonsa a kan teburin nan ya buɗe.

Na ce, "Ya lalace da yawa. Aikin mako ne. Ka dawo Talata a duba, in bai yi ba ka sake dawowa Alhamis."

Ya ce, "To, Baba."

Na ce ya daina tsaya mini a ka yana tare haske. Ya duba hagu, ya duba dama, ya jawo kujerar ya zauna. Ban ce ƙafarta ta karye ba.

Asabar, ƙarfe biyar da minti arba'in

Har yanzu yana ciki, uwarsa na ɗura masa abinci kamar za a yanka shi.

Na yanko takarda zan ɗaura wa agogon, yadda nake yi wa na kowa. Na rubuta rana, na rubuta lokaci. Wurin sunan mai shi na daɗe da alƙalami a hannu. Tauraro ba suna ba ne.

Na rubuta: na gida.